Faya-fayan Mohammed Rafi: wanne ne na asali, wanne ya cancanci ajiya?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Bayan rasuwar mahaifinmu, da aka zo rabon kaya sai aka bar mini wata adaka ta ƙarfe da babu wanda ya waiwaye ta. Jiya na buɗe, na tarar da faya-fayan garmaho 23, manyan faya-fayai masu kwali guda 9, da kaset-kaset sama da 60. Kusan duka na Mohammed Rafi ne, mawaƙin finafinan Indiya, don Baba ba ya haɗa shi da kowa. Ba ni da na'urar da zan kunna ko ɗaya. Bara na sayi wani faifan CD a wani shago, da hoton Rafi a jikin kwalin, amma da na saka sai muryar ta ƙi zauna mini, ba ita ce na taso ina ji a ɗakin Baba ba. To in adana tsofaffin nan ne, ko in nemi sababbin bugu masu tsaftar sauti in tara? Idan sababbin ne, waɗanne?

Kawu Ɗanfagge:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ɗana, kafin komai: kada ka ba kowa adakar nan, kada ka bari yara su taɓa, kada ka bar ta inda rana ke duka. Duba mini tsakiyar ƙananan masu nauyin nan. Akwai hoton kare yana leƙa bakin garmaho?

Abban Sadiq:
Amin Kawu, na gode. Akwai shi a yawancinsu. Daga cikin manyan kuma wasu an rubuta Odeon, wasu Angel.

Kawu Ɗanfagge:
To ka riƙe dukiya. Mai karen nan shi ne HMV, tambarin kamfanin Gramophone na Indiya, masana'antarsu tana Dum Dum kusa da Kalkata. Odeon da Angel ma 'yan gida ɗaya ne da shi. Masu nauyin su ake kira 78, don sau 78 suke juyawa a minti guda. Su ne Rafi na gaskiya. Duk abin da ya biyo baya, kaset ne ko CD ko na waya, jika ne ko tattaɓa-kunne. Mun shiga silimar Plaza mun ji shi a majigi, mun fito mun ji shi a garmahon masu shayi. Kunnena ba ya ɓata a kansa.

Injiniya Kaduna:
Allah Ya gafarta wa Baba. Kawu, ranka ya daɗe, na yarda da kai kan ajiya ɗari bisa ɗari, amma maganar cewa 78 shi kaɗai ne na asali tana da gyara, a yi mini afuwa. Faifan 78 mai inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙu a fuska ɗaya. Waƙar fim kuwa takan kai minti biyar ko shida. Don haka sai a datse baiti guda, ko a rage kiɗan tsakiya, don ta shiga faifai. A shekarun farko ma sau biyu ake rera waƙa, ɗaya don fim, ɗaya don faifai, shi ya sa mai kunne zai ji inda lanƙwasar murya ta bambanta. Kenan abin da kuka ji a Plaza da abin da kuka ji wurin mai shayi ba lallai su zama abu ɗaya ba, kuma dukansu Rafi ne da bakinsa. Wanne za mu ce shi ne jika?

Kawu Ɗanfagge:
Injiniya, wannan gaskiya ne, ban musa ba. Akwai baitocin da sai a silima muke jin su, mu dawo gida muna nemansu a faifai babu. Amma duka biyun a gabansa aka yi su, yana tsaye, makaɗa na zaune a ɗaki ɗaya da shi, in mai goge ɗaya ya kuskure a koma farko. Abin da nake ƙi shi ne wanda aka taɓa bayan ransa.

Hajiya Maman Zahra:
Allah Ya jiƙan mahaifinka, ƙanena. Ni dai bari in faɗi nawa ko da Kawu zai yi mini faɗa. Ban taɓa shiga silima ba, a gidanmu mace ba ta zuwa. Garmaho kuma ban tashi na gan shi ba. Rafin da na sani na kaset ne, wanda yayanmu ke sayowa a Ƙofar Wambai, irin wanda aka ƙara wa dukan ganga da amsa-kuwwa, ana rubuta Jhankar a jiki. Da shi muka yi wanki, da shi aka yi mini lalle, shi na tafi da shi ɗakina a cikin kayan aure tare da rakoda. Da 'yata ta kunna mini na asalin a waya sai na ji kamar an yi miya ba gishiri. In ka tarar da irin waɗannan a adakar, don Allah kada ka zubar don an ce maka jabu ne.

Kawu Ɗanfagge:
Hajiya, ba faɗa zan yi ba, amma Jhankar ɗin nan ɓarna ce. Mai tsara kiɗa irin Naushad ya zauna ya auna inda gangar tabla za ta shiga da inda za ta yi shiru, sannan bayan shekara talatin wani ya zo da injin duka ya shimfiɗa a kai tun daga farko har ƙarshe? Inda Rafi ya sassauta murya kamar mai raɗa, nan ne daɗin yake, kuma nan ne dukan ke binnewa. Don direbobin manyan motoci da masu bas aka yi shi, saboda ya rinjayi ƙarar inji.

Hajiya Maman Zahra:
To Kawu ai mu ma ƙarar turmi da kukan yara muke so ya rinjaya. Ban ce ya fi na asali ba. Na ce shi ne nawa.

Injiniya Kaduna:
Hajiya ta taɓo wani abu da masu tara faya-fayai kan raina. Kaset ɗin Jhankar tarihi ne na kansa, na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, daga Indiya da Pakistan ya bazu har ya iso mana. Laifi yana zuwa ne idan aka sayar maka da shi ba a gaya maka ba. Abban Sadiq, bari in warware maka yadda abin yake, don CD ɗin da ka saya ba zai wuce ɗayan waɗannan ba.

Akwai wanda aka kwafo daga tsohon tef na kamfani ko daga faifai mai lafiya, ba a taɓa komai ba. Wannan shi ake nema. CD na farko-farko na waƙoƙin HMV, na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, a Ingila aka buga da yawansu, kuma masu tarawa suna daraja su saboda ba a cika wanke sautinsu ba.

Akwai wanda aka wanke da kwamfuta don a kashe ƙas-ƙas ɗin allura. In aka yi da hankali babu laifi. In aka zarce, sai ƙas-ƙas ya tafi da numfashin mawaƙi da ƙarar ƙananan kayan kiɗa, murya ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. Ni na fi son in ji ɗan ƙas-ƙas da in rasa numfashin.

Akwai kuma sitiriyon ƙarya. Kusan duk waƙoƙin shekarun 1950 da 1960 da hanyar sauti ɗaya aka ɗauke su, wato mono. Sai a raba sautin gida biyu da dabara, a ƙara amsa-kuwwa, a ce sitiriyo ne. In ka ga waƙar 1955 an rubuta mata sitiriyo, ka san an taɓa ta.

Sannan jerin da HMV ya fitar da sunan Revival: an bar muryar Rafi, an sake kaɗa kiɗan da sababbin makaɗa. Su ba su ɓoye ba, sunan yana jikin kwali. Wasu na so, ni ba ya cikin abin da nake tarawa.

Na ƙarshe shi ne wanda ba Rafi ba ne kwata-kwata.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina gaisuwa daga Zinder. Wannan na ƙarshen shi na zo in yi magana a kai, don na fi shekara goma ina sauraren wani kaset ina rantsuwa Rafi ne, ashe Sonu Nigam ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Indiya ta 1957 ta bar wata ƙofa: in waƙa ta riga ta fita, wani na iya sake rera ta da sabon mawaƙi da sababbin makaɗa, ya biya mai ita wani kaso. Da wannan ƙofa kamfanin T-Series na Gulshan Kumar ya cika kasuwa da kaset masu araha a shekarun 1980, kuma Sonu Nigam da rera waƙoƙin Rafi ya fara suna a farkon shekarun 1990. A kwalin kamfani sunan mai rerawa yana nan a rubuce. Amma kafin kaset ya iso mana an kwafe shi sau uku ko huɗu, an sake kwali, hoton Rafi ya rage, sunan yaron ya ɓace. Sai a 2012 aka gyara dokar aka tsaurara sharuɗɗan.

Abban Sadiq:
Wallahi ina jin wannan ne ya same ni. CD ɗin babu sunan kamfani, babu lamba, hoto ne kawai da jerin waƙoƙi. Ta yaya zan bambance da kunne?

Kawu Ɗanfagge:
Saurari inda ya hau sama. Rafi yana hawa ba tare da ka ji ya yi ƙoƙari ba, muryar tana ƙara faɗi ne maimakon ta sirance. Masu kwaikwayonsa, Shabbir Kumar ne ko Mohammed Aziz ko Anwar, kowannensu ya ɗauki wani yanki nasa, kuma mawaƙa ne na kirki, amma a sama ake gane su. Sannan saurari kiɗan. In ka ji goge masu yawa suna tashi tare kamar iska ta taso, ɗakin cike yake da mutane, tsohon ɗauka ne. In ka ji abu siriri mai sheƙi kamar na fiyanon lantarki, sabo ne.

Matashi Zazzau:
Iyayena ku yi haƙuri, amma duk wannan wahalar ta mece ce? Komai yana YouTube. Ko ka je wurin masu tura waƙa su cika maka memori da Rafi ɗari biyar a kan kuɗin da bai kai na kati ba.

Injiniya Kaduna:
Ƙanena, jeka ka buɗe memorin nan ka saurara da natsuwa. Za ka samu Revival, da Jhankar, da Sonu Nigam, da na asali, duk a jaka ɗaya da suna ɗaya. Za ka samu waƙar da aka rubuta Rafi da Lata alhali Suman Kalyanpur ce, saboda a shekarun 1960 Rafi da Lata Mangeshkar sun yi 'yan shekaru ba sa waƙa tare, kuma Suman, mai murya kusa da ta Lata, ita ta rera da yawa tare da shi a lokacin. Wani abin ma da ba a lura da shi: waƙar da aka ciro daga kaset ɗin bidiyo ta fi gudu. Fim hoto 24 yake tafiya a daƙiƙa, tsarin bidiyo na PAL da mu da Indiya muka yi amfani da shi a kaset 25 ne, don haka sautin yakan ƙaru da kusan kashi 4 cikin ɗari, murya ta ɗan sirance. Wanda bai taɓa jin na daidai ba zai ɗauka haka muryar take. Faifan da ke hannun Abban Sadiq shi ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi.

Matashi Zazzau:
Na fahimta Yaya. Amma me ya raba Rafi da Lata?

Ɗan Damagaram:
Maganar faya-fayan nan ce dai ta raba su. Lata ta ce a riƙa ba mawaƙi kaso daga cinikin faifai. Rafi ya ce in an biya shi kuɗin rerawa, hakkinsa ya fita, riba da asara na mai fim ne. Daga baya suka shirya. Ni kam in na ga yadda ake ta sake buga muryarsa sama da shekara arba'in bayan rasuwarsa, sai in ga Lata ta hango nesa.

Kawu Ɗanfagge:
Ta hango, amma shi ma halinsa ne ya yi magana. Mutum ne mai wadatar zuci, ba ya shaye-shaye, ba ya zaman dare a wuraren biki, ya sauke farali. Ya rera yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma waɗannan da sauran waƙoƙinsa da ba na fim ba su na fi so a nema, don masu haɗa zaɓaɓɓun waƙoƙi kullum shahararrun nan dai suke maimaitawa. Ranar 31 ga Yuli 1980 ya rasu a Bombay, cikin watan azumi, yana da shekara 55, aka kai shi makwanci ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A rediyo muka ji. Ɗana, duba adakar da kyau ko akwai irin waɗannan.

Ɗalibi a Pune:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Karatu nake a nan Indiya, bari in ƙara abin da na gani. Kamfanin HMV ɗin ya koma Saregama tun 2000, kuma mafi yawan tsofaffin waƙoƙin Rafi suna hannunsa. Amma ba duka ba: wasu finafinan shekarun 1970 Polydor ne ya fitar da waƙoƙinsu, wanda ya zama Music India, yanzu suna ƙarƙashin Universal. Shi ya sa za ka sayi tarin kamfani ɗaya ka ga babu wata waƙar ƙarshen rayuwarsa da kake nema. Ba ɓata ta yi ba, a wani gida take. A 2017 Saregama ya fito da Carvaan, akwati mai kamar tsohuwar rediyo da waƙoƙi 5,000 a ciki, akwai sashen Rafi, har da shirin rediyon Geetmala na mai gabatarwa Ameen Sayani. Mutane a nan iyayensu suke saya wa. Don saurare ya yi, amma babu kwali, babu lamba, babu bayanin daga ina aka kwafo kowace waƙa. A Disamban 2024 aka yi bikin cikarsa shekara 100 da haihuwa, don 24 ga Disamba 1924 aka haife shi a ƙauyen Kotla Sultan Singh kusa da Amritsar. Tsofaffin faya-fayai kuma ana samunsu a kasuwar Chor Bazaar ta Mumbai, sai dai masu lafiya sun yi tsada tunda matasa suka dawo wa faifai.

Hajiya Maman Zahra:
Ɗana ɗalibi, wannan akwatin shi ya dace da irina. In za ka dawo hutu mu yi magana ta gefe.

Admin:
Maganar saye da aike a koma akwatin sirri don Allah. A ci gaba.

Abban Sadiq:
Na sake zama da adakar yau bayan la'asar. Uku daga cikin masu nauyin sun tsage, ɗaya ya gutsure a baki. Biyu daga manyan sun ɗan lanƙwashe. Duk sun yi ƙura. Wani maƙwabcina ya ce in goge su da sifirit. Kuma ya ce yana da tsohon garmaho wanda ake wanawa da hannu, zai ara mini.

Injiniya Kaduna:
A'a! Kada sifirit ya kusanci masu nauyin nan. Da wani irin ƙaro ake yin su wanda ƙwari ke tarawa a jikin itatuwa, kuma sifirit narkar da shi yake yi, waƙar ta tafi har abada. Burushi mai laushi ya isa a yanzu, ka bi da'irar layin, kada ka gitta. Ka jera su a tsaye kamar littattafai, kowanne da rigarsa ta takarda, kada ka ɗora wani kan wani, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Masu tsagewar ma kada ka yar, sau da yawa ana iya ceto waƙar.

Garmahon maƙwabci kuma a dakata. Kansa nauyi gare shi, allurarsa ta ƙarfe ce, ƙa'idarta a canza bayan kowace fuska, kuma tsohuwar allura noma faifai take yi. Manyan faya-fayan kuwa, masu juyi 33, kada a kuskura a ɗora su a kansa ko sau ɗaya, roba ce mai laushi, layinta siriri. Su ma masu 78 allurarsu daban ce, ta fi kauri. Ina da na'ura mai gudu uku da allurai biyun. Mu kwafe komai sau ɗaya zuwa kwamfuta, a WAV ko FLAC, wato tsarin fayil da ba ya rage sauti, ba tare da wanki ba, mu ɗauki hoton tsakiyar kowane faifai da lambarsa. Daga nan ka saurara a waya yadda kake so, faifai ya huta.

Kawu Ɗanfagge:
Injiniya, ban so raba faifai da garmaho ba, don ƙarar da ke fita daga wannan akwatin katako babu lasifikar da ke ba da ita. Amma na tuna nawa da na cinye da hannuna saboda ƙyashin sayen allura. Bi maganarsa, ɗana. Sai dai in kun gama, ku zaɓi guda ɗaya mai ƙwari, ku sa sabuwar allura, ka ji shi sau ɗaya yadda mahaifinka ya ji.

Hajiya Maman Zahra:
Kaset-kaset ɗin fa? Kun koma kan faifai kun manta da su.

Injiniya Kaduna:
Ba a manta ba Hajiya. Su ma za a kwafe, har da na Jhankar, a rubuta musu sunansu na gaskiya. A fara juya kowanne da biro a hankali a ga ko zaren ya manne, a duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zaren ko ta faɗi.

Abban Sadiq:
Kawu, na samu abin da ka ce. Akwai ƙaramin faifai mai juyi 45, da hoton masallaci a kwalin da rubutun Urdu, sunan Rafi a ƙasa da boko. A bayan kwalin Baba ya rubuta sunansa da biro, da "Kano, 1976". Rubutunsa ne sak, na kira Hajiyarmu ta gani, ta ce shi yake sakawa da safiyar Juma'a kafin ya tafi kasuwa. A cikin kaset ɗin kuma guda 11 Jhankar ne, Hajiya, kuma da alama su ne suka fi shan saurare, rubutun jikinsu duk ya goge.

Kawu Ɗanfagge:
Allahu Akbar. Wannan na Juma'ar shi za ku fara kwafa. In an yi, a turo mini.

Abban Sadiq:
In sha Allahu Kawu. Injiniya, Asabar mai zuwa zan shigo Kaduna da su in kana nan.

Injiniya Kaduna:
Ina nan. Ka taso da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kada ka sa su a but, ka ɗora kwalin a kujerar baya, a tsaye, ka tokare gefe da gefe da matashin kai, masu tsagewar kuma ka sa kowanne tsakanin kwali biyu.